Laifin Direba Ne

Dungas, ƙarshen bazara

Zuwa ga taubashiyata Zahara'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna Fadi da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zafi da jiran ruwa. Matata Asabe na gaishe ki, ta ce har yanzu tana jiran lallen da kika yi mata alkawari.

Na ji an ƙwace miki waya a bakin makaranta. Allah ya mayar da alheri. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ɗan yi dariya. Ke da kike kiranmu 'yan ƙauye, ga shi kin koma karɓar wasiƙa a hannun direba kamar zamanin da kakanki ya bar Dungas.

Ordinatar da kika sayo mini, kwamfuta a bakinku, ta iso. Baffa Hamman, dattijon da kika damƙa wa ita a tasha, mai jan motar Alhaji Manu ta hanyar Maigatari, shi ya kawo mini har ƙofar gida. Kwalin ya ɗan lotse a kusurwa ɗaya, amma murna ba ta bar ni na kula ba. Kai, Zahara'u, kin iya zaɓe. Maɓallanta har jan haske suke yi. Na mayar da harshenta Faransanci, na tafi da ita Magariya inda rezo, wato sabis na intanet, ke da ƙarfi, ta sha abin da za ta sha, na dawo ina tafiya kamar sabon prefe mai mulkin yanki.

Kin san na ce miki don haɗa bidiyon biki nake sonta, kuma gaskiya ne. Amma da wasan ƙwallo na fara. Na tara abokai a rumfar Najib tela, na dafa shayi, na ce yau za su ga abin da ko a Damagaram sai an bincika. 'Yan wasa suka fito fili, alƙali ya hura usur, sai ekaran, wato allonta, ya yi baƙi ƙirin. Ga ihun 'yan kallo yana fita, ga fanka tana gurnani kamar injin niƙa, amma ba abin da muke gani sai fuskokinmu. Najib ya ce, "Isufu, ko wutar kuran aka ɗauke a filin?" Aka yi ta dariya har da masu wucewa. Na rufe ta na ce caji ne, alhali a cike take. Na ji kunya ƙwarai.

Ga yadda take yi, don ki gane. In rubutu nake, ko kallon hoto, lafiya lau. Da na buɗe wasa, ko na fara haɗa bidiyo mai nauyi, sai duhu. Wani lokaci hoton ya dawo da kansa, da wani ɗan rubutu a ƙasa yana cewa pilot bai amsa ba. Wani lokaci kuma sai na danne maɓallin kashewa. Ba ta sha ruwa ba, ba ta faɗi a hannuna ba, kuma ba na ɗora ta a kan katifa.

Akwai bikin da na karɓi aikinsa bayan salla. Ke kike karatun kwamfuta, ki faɗa mini inda matsalar take. Baffa Hamman zai ajiye wannan takarda a shagon maƙwabcinku.

Naki, ubangidanki,
Isufu

*

Kano

Yaya Isufu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi, tana gaishe ku. Ubangidan wa? Bawan da bai iya kunna kwamfuta ba ne zai ce shi ubangida ne?

A tsaye nake rubuta wannan, jarrabawa ta sa mu a gaba, ko barci ba na samu. Na karanta bayaninka. Maganar pilot ban gane ba, ko wasan jirgin sama kake yi? Amma sauran a fili yake. Tunda sauti na fita allo kuma ya mutu, ka kwantar da hankalinka, ba kai ka ɓata ta ba. Laifin direba ne. Tsoho ne, ba ya jure nauyi, da an ɗora masa aiki sai ya saki. Shi ya kayar maka da ita. Kuma ba kai ne farau ba, wannan direban ya sha yi wa mutane haka, ni kaina na ga biyu a shagon da nake koyon gyara. Maganin kawai a cire shi gaba ɗaya a sa sabo.

Kada ka bari kowa ya kwance ta. In na gama jarrabawa zan rubuto maka yadda za ka yi daki-daki. Ka gaya wa Asabe lallenta na nan.

Uwargijiyarka,
Zahara'u

*

Dungas, bayan ruwan farko

Taubashiya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi miki fatan nasara a jarrabawa. Mun sami ruwan shuka, kowa yana gona. Muna lafiya, in ban da mura da ta kama Asabe.

Takardarki ta zo, kuma abin haushi Baffa Hamman da kansa ya miƙo mini ita yana tambayar lafiyar iyali. Da na karanta sai da kaina ya yi zafi. Na ɗauko kwalin na sake duba kusurwar nan da ta lotse. Ashe tun ranar farko shaida tana gabana.

Kin san ni ba na iya kwana da magana. Washegari ranar lodi ce, na ɗauki kwali da takarda na nufi tasha. Na tarar da shugaban sandika, wato ƙungiyar direbobi, a rumfarsa, Alhaji Manu mai motar ma yana nan. Na ce a kira Baffa Hamman. Kafin ya iso mutane sun taru, don na ɗaga murya fiye da yadda na yi niyya. Na nuna kwalin, na karanta abin da kika rubuta, ban ƙara ko kalma ba. Da na zo wurin da kika ce ya sha yi wa mutane haka, sai kowa ya juya ya dubi Baffa Hamman.

Shugaban sandika ya ce, "Hamman, ka ji. Me za ka ce?"

Baffa Hamman ya dubi kwalin. Ya ce, "Ni dai a kujerar gaba na ɗauko shi, ban sa shi a bayan mota ba." Aka ce to ya aka yi ya lotse? Ya ce bai sani ba. Alhaji Manu ya ce, "Yarinyar da ta rubuto wannan ba ta san ka da wata gaba ba, kuma karatun abin take yi." Sai Baffa Hamman ya ce, "In mai ilimin abin ta ce ni ne, ba ni da ta cewa."

Daga nan kowa ya tuna nasa. Wata mata ta ce bara kwalbar turarenta ta iso a fashe. Wani ya ce buhun sukarinsa ya taɓa zuwa a yage. Alhaji Manu ya ce shi motarsa da saƙon mutane take ci, in suna ya ɓaci shi aka kashe. Ya miƙa hannu, Baffa Hamman ya zare makulli daga aljihu ya ba shi. Ya shiga motar ya ɗauko butarsa da dardumarsa, ya yi wa jama'a sallama ya tafi. An ba wani matashi motar, shi ya fita da lodin ranar.

To, an cire shi an sa sabo, kamar yadda kika ce. Gaskiya ni faɗa kawai na so a yi masa, ban zaci abin zai kai ga makulli ba. Da ya yi musu ma da na fi jin daɗi. Asabe kuwa tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ta ce duk tsawon ciwon babanta wannan mutumin ne ke kawo masa magani daga Kano, bai taɓa mantawa ba, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Na ce mata wannan daban, wannan daban. Ai ba ni na rubuta ba, masu sani ne suka faɗa.

Yanzu saura gyara. Ki faɗa mini abin da ya karye a ciki da inda zan same shi.

Isufu

*

Dungas, tsakiyar noma

Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Mu muna lafiya, gero ya kai gwiwa.

Ban sani ba ko takardata ta same ki. Sabon direban ya ce bai gane shagon ba, ya bar ta wurin wani mai shayi a tasha. Da na yi masa magana ya ce shi ba ɗan aike ba ne. Wannan zan ba wani ɗan kasuwa mai zuwa sarin yadi.

Biki ya matso, don haka na saɓa miki. Na kai ordinatar wurin wani mai gyara a Magariya ya kwance ta. Ya duba da fitila, ya ce cikinta kamar yau aka fito da ita, ba tsagewa, ba abin da ya motsa daga wurinsa. Na ce an kayar da ita. Ya ce in an kayar da ita, to a kan auduga ta faɗi. Ya busa ƙura ya mayar, ya ce shi waya ya fi sani. Da na dawo gida na buɗe wasa, duhun nan dai.

Tun a kan hanya wani abu ke ci mini rai. Ta yaya kika san shi ya kayar da ita, ke da ba ki bi motar ba? Su waye mutum biyun da kika ce? An ce Baffa Hamman ya koma rugarsu wajen Dantchiao, ba wanda ya sake ganinsa a gari. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Isufu

*

Kano

Yaya Isufu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na gama jarrabawa. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, ka yafe mini.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Mai yadin ne ya bi ta wurin mai shayi ya haɗo su. Na karanta ta farko a ƙofar gida, na zauna a dakali. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Isufu, ba Baffa Hamman nake nufi ba. Ko tuna shi ban yi ba lokacin da nake rubutu.

Direba sunan wani shiri ne da ke cikin kwamfuta. Irin taka tana da wani sashe na musamman mai zana hoton wasa da bidiyo, kuma wannan shirin shi ke kai umarni tsakanin kwamfutar da sashen. Da Turancin Ingilishi sunansu ɗaya da mai tuƙa mota, mu kuma a shago haka muke faɗa kullum har mun daina jin abin a bakinmu. Wanda ke cikin taka tsohon zubi ne. Da ka kai ta Magariya ta sabunta sauran kayanta, sai ya zama ba ya jituwa da su. Shi ya sa in aiki mai sauƙi ne lafiya, in an ɗora masa wasa sai ya tsaya, allo ya mutu, sauti ya ci gaba. Mutum biyun da na ce kwamfutoci biyu ne aka kawo mana masu irin wannan ciwon. Kwalin kuwa a hannuna ya lotse, cikin Adaidaita, kafin in kai tasha.

Na je na tambayi wani ɗan Maraɗi da ke ajinmu mece ce pilot. Ya ce ai ita ce direba da Faransanci. Wato tun a takardarka ta farko ka rubuto mini sunan ciwon, ni kuma na mayar da shi abin tsokana. Da na tsaya na tambaya, da na rubuta maka da kalmar da ka sani. Na sake tuna abin da na rubuta, kalma bayan kalma, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An karanta sunana a tasha a kan dattijon da ranar da na kai masa kwalin ya cire rawaninsa ya naɗe shi don kada ƙura ta shiga. Inna ta ce in ba a gyara wannan ba, kada in ƙara cewa ina da dangi a Dungas.

Amma kai ma, Yaya. Layi nawa na rubuta, a tsaye, ka ɗauka ka tafi tasha? Ba ka iya tambayar mutumin ku biyu ba? Na faɗa na huce, laifin namu ne tare.

Ga filashi nan cikin ambulan, ku kuna ce masa kile. Sabon direban yana ciki. Ka fara gwada wannan don ka gani da idonka: in allon ya mutu, ka danne maɓalli mai hoton taga tare da Ctrl da Shift, ka taɓa B. In ka ji ƙara ƙit, hoto ya dawo, to shi ne. Sannan ka danne Shift ka sake kunna ta, ka zaɓi yanayin da ɗan Maraɗi ya ce ana rubuta shi mode sans échec. Komai zai fito manya-manya, kada ka tsorata. Ka shiga inda aka jera sassan na'ura, ka nemi na hoto, za ka ga biyu. Na biyun, mai dogon suna, shi za ka goge wa pilot. Ka kashe rezo don kada ta jawo tsohon da kanta, ka sake kunna ta, ka sa na cikin kile. Ka bar caja a jiki har ta gama.

Wannan duk ba zai ci maka yini ba. Ɗayan ne ban san yadda za a yi ba. Ka kai wannan takarda tasha ka karanta ta a inda ka karanta waccan, da irin muryar da ka karanta waccan. Ka ce ni Zahara'u jikar Mahamadu na ce Baffa Hamman bai yi komai ba. In ka same shi ka roƙa mini gafara.

Ƙanwarka,
Zahara'u

*

Dungas, gero ya fara fitar da kai

Zahara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna. Ki ce mata ta yi haƙuri da mu. Jikinmu lafiya.

Na daɗe ban amsa ba, don na rasa ta inda zan fara. Da na zo kan kalmar pilot a takardarki sai na ajiye ta na fita bayan gida na tsaya. Na san pilot sarai. Ni nake sa wa injin buga takardu na magajin gari nasa in ya ƙi aiki. Asabe ta biyo ni ta ce lafiya? Na karanta mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta koma ciki ta ɗauko mini hulata.

Amma sai da na gwada tukuna, ina ga don raina yana neman hanyar tsira. Na buɗe wasa, ekaran ya mutu, na danna maɓallan nan, ta yi ƙit, hoto ya dawo. Na bi sauran yadda kika rubuta. Kafin la'asar ta gama. Na bar wasan yana gudana har 'yan ƙwallo suka tafi hutu suka dawo, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ban taɓa jin haushin abu ya gyaru ba sai ranar.

Ranar lodi na je tasha. Na roƙi shugaban sandika ya tara mutane, na karanta takardarki tun daga farko, har wurin da kika yi mini faɗa ban tsallake ba. Da wuya su gane. Wani ya ce, "To direban yana cikin akwatin ne?" Na ce e. Ya ce, "Da lasisinsa?" Aka fashe da dariya. Yanzu ko yara in sun gan ni sai su ce ina direban ciki. Wannan ban damu ba, na ci hakan. Abin da ya dame ni, ranar farko kowa ya tsaya ya ji, ranar nan kuwa rabin waɗanda suka ji ta farko ba sa nan. Matar kwalbar turare tana nan, ta ce ita dai turarenta ya fashe.

Na bi Alhaji Manu gida. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, ya ce abin bai yi daɗi ba. Na ce to a mayar masa da makullinsa. Ya ce, "Isufu, yaron da na ba motar me ya yi mini? In ƙwace in ce masa wani ya karanta takarda ba daidai ba?" Ya ce akwai wata tsohuwar mota a gareji, in an sami injinta bayan kaka zai duba. Kin san irin wannan zai duba ɗin. Na durƙusa masa, Zahara'u, ni da ban taɓa durƙusa wa kowa ba sai iyayena. Ya ce in tashi, ba ni ne zan ciyar da iyalin yaron ba.

Washegari na ɗauki babur na nufi Dantchiao. Sai da na yi ta tambaya kafin na sami rugar. Na tarar da shi a gona yana noma na biyu, ya rame, hannunsa duk ya yi kanta. Da ya gan ni ya ajiye hauya ya taho da sauri, ya kama babur ɗin ya jingine mini. Ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin gawo, ya sa aka kawo fura da nono. Muka gaisa, ya tambayi Asabe, ya tambayi jikin babanta. 

Kafin in buɗe baki ya riga ni. Ya ce, "Malam Isufu, na so in zo da kaina, kunya ta hana ni. Na yi ta tunani. Bayan mun wuce iyaka akwai wani rami da na faɗa, ban gan shi ba, idona ba kamar da ba. Ina jin a nan abin ya faru. Ka yafe mini." Ya ce yana jiran ɗan maraƙinsa ya ƙara girma ya sayar ya zo mu yi magana.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ce Baffa, don Allah ka yi shiru. Na gaya masa komai, na karanta masa takardarki, na isar da roƙonki. Na yi masa bayanin shirin nan sau biyu, da misalin ɗan aike tsakanin mai gida da ma'aikaci. Ya dubi gonar. Sannan ya ce, "Wato ban fasa amanar ba." Na ce ba ka fasa ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya shafa fuskarsa, ya sake faɗa.

Ya ce in gaya miki ba komai, yarinya ce, kuma ba da shi take ba. Ni ma ya ce ya yafe. Na gaya masa yadda muka yi da Alhaji Manu, ban ƙawata ba. Ya ce Alhaji ya yi gaskiya, kada a taɓa yaron. Na ce zan ci gaba da zuwa tasha duk ranar lodi ina faɗa wa duk wanda bai ji ba, kuma zan bi sauran masu motoci har Magariya. Ya ce to, kamar yadda ake ce wa yaro to.

Da zan tafi ya rako ni har bakin hanya yana tura mini babur ɗin cikin yashi. Sai ya ce, "Wancan direban na cikin akwatin, yaya kuka yi da shi?"

Na ce na cire shi na sa sabo.

Ya ce, "Shi ma tsufa ne?"

Na ce e, Baffa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To, Allah ya ba shi wata sana'ar." Ya sakar mini babur ɗin, ya juya ya koma wurin hauyarsa.

Na kasa tayar da babur ɗin nan da nan, na tsaya har ya shige cikin gero. Gobe da safe zan tafi Magariya wurin wani mai motoci da aka ce yana neman direba. Ki sa Inna ta yi mana addu'a.

Yayanki,
Isufu